Kwamin Wanke-wanke Ya Yi Ja: Laifin Wa Ne?

 

A cikin ziyarar da muke kai wa ikkilisiyoyi domin duba rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani, akwai wani kuka da muke yawan ji daga bakin iyayenmu mata. Kukan a kan kwamin wanke-wanke ne, wato farin kwanon tangaran ɗin nan da ake kafawa a jikin bango a ƙarƙashin famfo, wanda wasu ke kira sinki. Yawancin gidajenmu na ƙauye ba su da shi, da daro ko baho muke wanke-wanke. Amma ana samunsa a gidan fasto, da ɗakin girkin majami'a, da masaukin baƙi, da ɗakin haihuwa. Kayan jama'a ne, da kuɗin baiko aka saye shi, ko kuma wasu bayin Allah suka ba da shi kyauta.

A wata ikkilisiya mun tarar maganar ta kai ga ɓacin rai. Kwamin ɗakin girki ya yi ja tun daga bakin famfo har zuwa makwarara. An ce matan da ke da aikin shara a wannan shekara ƙazamai ne. Su kuwa sun ce kowace Asabar suna gugarsa da yashi da soson ƙarfe, har suna zuba masa bilic, amma kullum ƙara ja yake yi. Dattawa sun riga sun shirya cire kuɗi daga baikon godiya na kaka domin a sayi sabo. Da muka duba, sai muka ga matan nan ba su da laifin ƙazanta ko kaɗan. Ruwan ne ke kawo jan, gugar kuma tana buɗe masa hanya. Da an sayi sabo, da shi ma ya bi sawun tsohon. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa.

Mene ne tangaran?

Abin da muke kira kwamin tangaran iri biyu ne, ko da yake a ido sun yi kama.

Na fari tangaran ne ciki da waje. Ana yinsa da farin yumɓu irin wanda ake haƙowa a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da Alƙaleri ta Jihar Bauchi, a haɗa da garin duwatsu, a shafe shi da ruwan gilashi, sa'an nan a gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 1,200. Ku tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100 kawai.

Na biyu ƙarfe ne a ciki, aka narka masa gilashi a bisa da zafin wajen digiri 800. Ɗan'uwan kwanon samira ne da langa da iyayenmu ke jerawa a ɗaki. A shekarar 1883 wani mai masana'antar ƙarfe a Jihar Wiskonsin ta Amurka, John Michael Kohler, ya ɗauki kwamin ƙarfe na dabbobi ya yi masa wannan shafi, ya sa masa ƙafafu, ya sayar da shi a matsayin kwamin wanka. Har yanzu ana yin kwami ta wannan hanya.

Idan kuna so ku san wanne kuke da shi, ku manna masa mayen ƙarfe, irin na cikin tsohuwar lasifikar rediyo. In ya kama, akwai ƙarfe a ciki.

Abin lura shi ne, a duka biyun ƙyallin da muke gani wata siririyar fata ce ta gilashi. Muddin fatar nan tana da santsi, dauɗa ba ta da wurin kamawa. Amma yashi ya fi gilashi tauri. Duk lokacin da muka goge kwami da yashi, ko da tokar da ba a tankaɗe ba, ko da soson ƙarfe, muna yi wa fatar ƙananan tsagogi da ido ba ya gani. Ranar fari zai yi fes, bayan mako biyu ya fi dā dauɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar nan kuwa in ta tafi ba ta dawowa, gama a wutar masana'anta aka yi ta.

Launin tabo yana faɗin asalinsa

Tabo ja ko ruwan ƙasa, musamman wanda ya yi layi daga inda famfo ke ɗiga, tsatsa ce. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da yawa yana ɗauke da ƙarfe narkakke wanda ba a gani. Da zarar ya fito ya sha iska sai ƙarfen ya koma tsatsa, ya kwanta a kan duk abin da ya taɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ƙarfe ya wuce miligiram 0.3 a cikin lita ɗaya ta ruwa, yana ɓata tufafi da kayan famfo. Wannan bai fi nauyin ƙwayar shinkafa biyu ko uku a cikin duro mai lita 200 ba. Shi ya sa farar rigar mawaƙa ke komawa ruwan ƙasa a wasu garuruwa, kome ƙoƙarin mai wanki.

Tabo baƙi ko mai duhu sau da yawa daga wani ma'adini ne mai suna manganis, wanda yakan zo tare da ƙarfe a ruwan rijiya.

Farin ɓawo mai kaushi, irin wanda ke taruwa a gindin butar dafa shayi, alamar ruwa mai nauyi ne, wato ruwan da ya ratsa farin dutsen da ake yin siminti da shi, kamar wanda ake haƙa a Ashaka da Kalambaina. Irin wannan ruwa ba ya barin sabulu ya yi kumfa. Ɓawon da kansa fari ne, amma yana shan launin duk abin da aka zuba a kansa.

Tabo na huɗu na abinci ne: shayi, goro, zoɓo, manja da kurkum. Wannan ne kaɗai wanke-wanke a kan kari ke hana shi.

Gwaji uku da kowa zai iya yi

1. Ku cika farin bokiti ko kwalba mai haske da ruwan famfonku, ku bar shi a buɗe ya kwana. Idan ya fito garau amma da safe kuka ga ya yi ja-ja, ko wani abu kamar tsatsa ya kwanta a ƙasa, ƙarfen daga cikin ƙasa yake fitowa.

2. Ku je famfon tuƙa-tuƙa da asuba kafin kowa ya ɗiba. Idan bokitin fari ya fito ja, amma bayan an tuƙa bokiti da yawa ruwan ya yi haske, to bututun cikin rijiyar ne ke ruɓewa.

3. Ku dafa shayi mai kauri ku zuba kaɗan a cikin kofin ruwan. Idan ya yi baƙi kamar tawada, akwai ƙarfe da yawa. Majema da dukawa sun daɗe da sanin wannan, gama fatar da aka jeme da bagaruwa takan yi baƙi in ta haɗu da ruwan ƙarfe.

Yadda za a cire tabo

Tsatsa da farin ɓawo tsami ne maganinsu. Ku matse lemun tsami, ko ku jiƙa tsamiya ta yi kauri, ko ku nemi ruwan kal. Ku jiƙa tsumma da shi, ku shimfiɗa a kan tabon na minti 15 zuwa 30, sa'an nan ku goge da soso mai laushi ku ɗauraye sosai. In bai fita duka ba, ku maimaita washegari. Kada a bar tsami ya kwana, musamman a kan kwamin da ke da ƙarfe a ciki, domin yana dusashe ƙyallinsa.

Kada a zuba bilic a kan tsatsa. Bilic yana yin aikin da iska ke yi ne, har ma da sauri, wato yana mai da ƙarfen cikin ruwa tsatsa, tabon ya ƙara kamawa. Kuskuren da 'yan'uwanmu mata da muka ambata suka yi ke nan cikin rashin sani.

Tabon shayi da goro da zoɓo shi ne bilic ke iyawa. A zuba kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa, a bar shi minti biyar, a ɗauraye.

Maiƙo da manja kuwa, ruwan ɗumi da sabulu sun isa. In ya yi kauri, a jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, a bari yashinta ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a yi amfani da shi.

Abu mafi sauƙi shi ne a rataye busasshen tsumma kusa da kwami, duk wanda ya gama aiki ya share ruwan. Ruwan da bai zauna ya bushe ba, ba ya barin tabo. Famfon da ke ɗiga kuma a canja masa robar ciki nan da nan.

Gargaɗi domin lafiyarmu

Kada a taɓa haɗa bilic da lemun tsami, ko ruwan kal, ko wani maganin wanke masai. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, a ƙaramin ɗaki kuwa tana iya kisa. In an yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, a bar ɗayan sai wata rana.

Mun ga inda ake wanke kwami da ruwan batir. Muna roƙo a daina. Yana ƙona hannu, yana makantarwa, yana cin siminti da bututu. Haka kuma bilic da sodar yin sabulu kada a zuba su a kwalbar lemo ko a ajiye inda hannun yaro zai kai. Yaron da ya sha soda maƙogwaronsa yakan ƙone, wani har ya kasa haɗiyar abinci. In hakan ta faru kada a sa shi amai, a kai shi asibiti da gaggawa.

Wasu tsofaffin kwamin ƙarfe masu shafin gilashi, irin waɗanda suka rage a tsofaffin gidajen mishan, an sa dalma a cikin shafinsu. Idan irin wannan ya goge har yana fitar da gari, kada a jiƙa hatsi ko ganye a cikinsa, kada kuma a yi wa jariri wanka a ciki. A sa roba a ciki a yi aikin. Gubar dalma ta fi cutar da yara ƙanana.

Idan dole sai an sayi sabo

Tabo kaɗai bai isa a zubar da kwami ba. Amma idan ya tsage har ruwa na zuba, ko tsatsa ta huda shi, ko ya yi kaushin da ba ya wankuwa a wurin da ake kula da marasa lafiya, to lokacin canji ya yi. Ga abin da ya kamata kwamiti ya sani game da irin da ke kasuwa.

Tangaran zalla. Ba ya tsatsa, bilic ba ya cinsa, in an kula da shi yana iya kai wa jikoki. Rauninsa shi ne faɗuwar abu mai nauyi. Tukunyar ƙarfe ɗaya in ta suɓuce ta faɗa ciki, ya tsage ke nan, ba ya kuma gyaruwa. Zuba tafasasshen ruwa a kansa da sanyin hunturu yana iya jawo ƙananan tsagogi. Ya fi dacewa da wankin hannu.

Ƙarfe mai shafin gilashi. Na zubi mai kauri yana da nauyi ƙwarai, yana daɗewa, amma sai an yi masa gindi mai ƙarfi. Na falle mai sauƙi shafinsa yana saurin ɓantarewa, kamar yadda kwanon samira ke yi in ya faɗi, daga nan tsatsa ta shiga.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda a kasuwa ake ce masa silba. Wani masanin ƙarfe, Harry Brearley, ya haɗa irinsa a birnin Shefil na Ingila a shekarar 1913. Sirrinsa wani ma'adini ne mai suna kuromiyam, wanda dole ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na ƙarfen. Shi ne ke yi masa wata kariya a bisa, wadda ko an karce ta takan sake haɗuwa da kanta in ta sha iska. Wannan ne bambancinsa da tangaran: karcewa tana rage masa kyau, amma ba ta kashe shi. Ba ya fashewa, ba ya tsoron tukunya mai zafi.

Sai dai silba suna ta tara. Mai kyau na ɗakin girki shi ne mai lamba 304, wanda wani lokaci ake rubuta masa 18/8, wato kashi 18 kuromiyam, kashi 8 nikel. Akwai mai lamba 201 da mai lamba 430, sun fi araha, sun kuma fi saurin yin ɗigon tsatsa. Mayen ƙarfe yana kama 430 sosai, amma ba ya kama 201, saboda haka wannan gwaji kaɗai bai isa ba. A nemi lambar a jikin kwamin ko a kwalinsa. A duba kauri kuma. Mai kaurin milimita ɗaya ko fiye ya fi. In kun danna gindinsa da yatsa ya lotsa yana ƙara kamar gwangwani, ku bar shi. Araha ba ta ado.

Maƙiyan silba uku ne: bilic da aka bari ya zauna, gishiri da ya kwana a jiƙe, da soson baƙin ƙarfe, wanda ke barin ɓurɓushinsa ya yi tsatsa a kai. Ku sani kuma ruwa mai ƙarfe zai bar masa jan tabo shi ma, sai dai yana fita da sauƙi.

Roba. Tana da araha da sauƙin ɗauka, ba ta tsatsa. Amma tukunyar da aka sauke daga murhu tana narkar da ita, rana tana busar da ita ta yi ta karyewa, manja kuma yana shiga inda ta karce.

Garin dutse da aka haɗa da danƙo. Wannan na zamani ne, ana ganinsa a manyan shagunan birni. Wajen kashi 80 cikin 100 garin dutse ne, sauran danƙon roba. Yana jure karcewa, amma yana da tsada. Mai duhu yana nuna farin ɓawo, mai haske yana nuna tsatsa, in kuma ya tsage da wuya a sami mai gyara a kusa.

Siminti. Kada mu rena shi. Maginin garinmu zai iya gina kwami mai faɗi a waje, daidai girman tukwanen taro. A yi masa gangare zuwa makwarara, a goge fuskarsa ta yi santsi, a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai. Siminti yana kai ƙarfin da ake bukata ne a kwana 28, saboda haka kada a yi garajen fara aiki da shi. Yana shan maiƙo, tsami yana cinsa, amma in ya lalace buhu ɗaya ya isa a gyara, kuɗin aikin kuma yana zama a cikin gari.

Shawararmu ita ce: ɗakin girki, silba mai kauri, wankin hannu a ɗakin shan magani da ɗakin haihuwa, inda ake yawan amfani da bilic, tangaran, manyan tukwanen biki da taro, kwamin siminti a waje. Kowanne aka zaɓa, a duba ƙarƙashinsa kowane wata. Yoyon da ba a gani yana ruɓar da katako, yana kiran gara da kyankyasai da ɓeraye. Ruwan wanke-wanke kuma a haƙa masa rami a cika da duwatsu, ko a kai shi gindin ayaba, kada ya kwanta ya tara sauro.

A gyara ruwan tukuna

Ƙarfen da ke cikin ruwa, a yawan da aka saba samu, ba shi ne ke sa ciwo ba. Hatsarin yana wani wuri dabam. Idan ruwan burtsatse yana ɗanɗanon ƙarfe, yana ɓata tuwo da tufafi, mutane sukan guje shi su koma rafi da kududdufi, inda amai da gudawa da taifot ke jira. Daga irin wannan ruwa muka sha fama da kurkunu, kafin a tabbatar da Nijeriya da Nijar sun rabu da shi a shekarar 2013. Saboda haka jan tabon kwami saƙo ne ga kwamitin ruwa.

Idan gwaji ya nuna bututu ne, ku yi magana da masu gyaran famfo. Famfon India Mark II da aka kafa a ƙauyuka da yawa yakan zo da bututun ƙarfe, wanda ruwa mai ɗan tsami ke ci a hankali. Ana iya musanya shi da bututun roba da sandunan silba. Famfon Afridev dama da bututun roba aka tsara shi.

Idan kuwa daga ƙasa ƙarfen ke fitowa, a ba ruwan iska da lokaci. A zuba shi daga sama ta cikin gwangwani mai huji-huji zuwa duro, a bar shi ya kwana, a ɗebi na sama, in da hali a tace da yashi mai tsabta. Tankin sama kuma a riƙa wanke gindinsa. Wannan yana cire tsatsa ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, don haka ruwan sha a rufe shi, a ɗiba da moɗa mai tsabta.

A ikkilisiyar da muka ba ku labari, bututun ne. Kuɗin da aka ware domin sabon kwami aka ƙara a kai aka canja bututun rijiya, gari duka ya amfana. Tsohon kwamin yana nan, ƙyallinsa bai dawo ba, amma lemun tsami ya fitar da yawancin jan. Wani dattijo kuma ya tashi a gaban jama'a ya roƙi matan gafara.

Abin tattaunawa a taron Zumuntar Mata da na dattawa

1. Wane launi ne tabon da ke kwamin majami'armu, me kuma yake faɗa mana game da ruwanmu?

2. Da me muke goge shi yanzu? Wa zai koya wa masu aikin shara na gaba?

3. Akwai gidajen da suka bar burtsatse suka koma rafi? Me ya sa?

4. A ina muke ajiye bilic da soda?

Kayan ikkilisiya amana ne a hannunmu, sunan ɗan'uwa ma haka. Kafin mu kashe kuɗin baiko, kafin kuma mu ɗora wa wani laifi, mu cika bokiti ɗaya mu bar shi ya kwana. Duk ikkilisiyar da ke son a gwada mata ruwa, ta sanar da ma'aikacinmu idan ya zo ziyara.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya kuma albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.